Kuben Baba Arzika Masunci

Cikin duk ranakun da na yi zaune a kan buzu ina yankan fata, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da wani tsohon masunci ya zo rumfata a kasuwar Goronyo ya ajiye mini wuƙa da hannun hagu. Kun sha jin ina ambaton sunansa in aiki ya yi mana gardama, kuna kallon juna kuna murmushi, wai tsoho ya fara. To yau ku ajiye basilla ku ji labarin daga tushe.

A lokacin ina ƙarƙashin Baffa Cika, ƙanen mahaifina, a rumfarmu ta Wurno. Tsarin gidanmu na dukanci ba shi da wuyar ganewa. Baffa ne babba, shi ke sayen fata wurin majema, shi ke cewa a karɓi aiki ko a mayar. Ni ke bi masa, ni ke yanka da ɗinki, ni kuma ke cin kasuwanni da kaya, daga Achida zuwa Rabah zuwa Goronyo. Na riga na yi aure har da 'ya'ya, amma a gaban Baffa ban wuce mai riƙe masa bakin fata ba.

Ga wanda bai san aikin ba, kube ba a yin sa da ka, sai wuƙa ta zo hannu. A kwantar da ita a zana, a fere itace sirara guda biyu su rungume ƙarfen don kada kaifi ya ci fata, sannan a jiƙa fatar akuya a ja ta a kai, a ɗinke ta baya. A bar shi ya bushe da wuƙar a ciki. In ya bushe, gwajinmu ɗaya ne tun kaka da kakanni: ka kife shi ka girgiza. In wuƙa ta faɗo, ba ka yi aiki ba. Daga nan a sa masa igiyar rataya. Irin wannan kube hannu biyu yake so, ɗaya ya riƙe shi, ɗaya ya zare.

A shekarun nan ne mahauta da masu gadin gonakin albasa suka fara ɗaura bel, suka ce ba su son rataya, su dai a sa musu ƙarfen maƙalawa a bayan kube. Wannan ba aikin baduku ba ne, aikin maƙeri ne. Nawa maƙerin shi ne Labbo na Rabah, wanda ke lanƙwasa mini su daga tsohon zarto. Rumfarsa na jikin tawa a Goronyo. Mutum ne mai hannu, amma bakinsa ya fi zuga-zuginsa iska. Shi a wurinsa duk kuben da ya yi kyau ƙarfensa ne ya gyara shi, wanda ya lalace kuwa fatata ce.

Ranar da nake ba ku labari damina ta wuce, ana dashen albasa. Tsohon ya iso da wani magidanci a bayansa, suka yi sallama. Dogo ne baƙi, rana ta gasa shi, hannunsa na dama yana cikin aljihu. Ya ajiye wuƙar a gabana, gajera mai ƙotar itace da ta sha ruwa har ta yi baƙi.

"Kai na Haliru baduku?" in ji shi.

Na ce, "Ni na, Baba. Mi aka so?"

"Kube nika so wanda hannu guda ka zarewa. Cikin ruwa, ba bisa tudu ba."

Magidancin, wanda ashe ɗansa ne Sahabi, shi ya warware mini zancen. Sunan tsohon Baba Arzika, daga wani ƙauyen masunta a bakin dam. Bara yana jan mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, sai wata ƙatuwar tarwaɗa ta fizga, ƙugiya ta yage masa tafin hannun dama. Ciwo ya warke, amma yatsun suka naɗe, ba su riƙe ko kofin shayi. Su kuwa masunta suna da doka: ba mai shiga jirgi sai wanda zai iya zare wuƙarsa a cikin ruwa, domin in raga ta naɗe ƙafar mutum ko ƙugiya ta kama shi, tsakaninsa da lahira wuƙar nan ce. Sarkin Ruwan ƙauyensu ya ce har sai Baba Arzika ya zare wuƙa a gabansa, ba shi ba jirgi. Tun daga nan tsoho ke zaune a tudu yana korar kaji daga kifin da aka shanya.

Wani mahauci da ke jiran aikinsa a gefe bai bari ta wuce ba, kun san mahauta da masunta abokan wasa ne. Ya ce, "Baba, ka taho in ɗauke ka wankin hanji mana. Can ma ruwa na."

Tsoho ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Ni abin da nika kamawa guduwa shikai. Ku sai an ɗaure muku da igiya an kawo."

Aka yi dariya, amma ni na ga idonsa, ba dariya a ciki. Da suka tashi tafiya Sahabi ya dawo da baya kamar ya manta wani abu, ya rage murya. "Malam Haliru, in ba shi yiwuwa, ka hwaɗa mai gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu hankalinmu ya hi kwanciya shina gida." Ban ga laifinsa ba, ɗa ne. Amma wuƙa tana kan buzuna, kuma ba shi ya ajiye ta ba.

Da na gaya wa Labbo sai ya ce wannan ai abin banza ne. A maƙala kube a ƙugu da ƙarfe mai ƙarfi, ƙarfe ya zama hannu na biyu, shi ke nan. Ni ma haka na gani. Baffa ya ce a karɓa. Na juya zanen ya koma na bahago, abin da ban taɓa yi ba, har hannuna yana ta neman komawa inda ya saba. Na shafe fatar da kakin zuma ciki da waje saboda ruwa. Labbo ya kawo ƙarfen da ya ce ko raƙumi aka maƙala masa ba ya kuɓucewa. Na sa a bel ɗina na zare da hagu, sumul. Na yi ta zarewa ina mayarwa a tsakar gida har maiɗakina ta tambaye ni ko yaƙi za ni.

Muka ɗauki hanyar ƙauyensu da safe ni da Labbo a kan babur ɗinsa. Mun tarar da Sarkin Ruwa a bakin gaɓa, dattijo mai ƙarancin magana, da masunta da yawa sun bar gyaran raga sun taru. Baba Arzika ya fito, ya tuɓe riga da hula ya ajiye. Sai ga shi daga shi sai gajeren wando mai mazagi.

Na dubi Labbo, Labbo ya dube ni. Duk tsawon kwanakin nan muna ta faɗa a kan kaurin ƙarfe da laushin fata, ba wanda ya tuna cewa masunci ba ya shiga ruwa da bel. Mu mutanen tudu ne, duk mai sayen kuben maƙalawa da muka sani da bel yake zuwa.

Muka daure muka maƙala a bakin wandon. Tsoho ya shiga har ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai hannun hagu ya ja. Wuƙa ta taho, kube ya biyo ta, saura kaɗan wando ma ya bi sahu. Yara suka fashe da dariya, aka kore su. Na kwance bel ɗina na miƙa, sai Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu.

"Baduku, kak ka wahal da kanka. Duk abin da ad da ƙarfe bisa ƙugu, raga shika kamawa in an zo jefawa. Maganin da ka kawo shi ka kashe mutum."

Baba Arzika yana tsaye cikin ruwa da kube a hannu. Haushi ya kama shi, ya cusa kuben a hammatarsa ta dama, ya matse, ya fizge wuƙar da hagu, ya ɗaga ta sama. "Ga ta! Na zare ko ban zare ba?"

Sarkin Ruwa ya ce, "Ka zare, Arzika. Amma wanda raga ta ja ƙasa, wa ka ba shi lokacin neman hammata?"

Tsoho ya jefo kuben tudu, ya fito, ya ɗauki rigarsa ya wuce. Kunya ta rufe ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma ko a cikin kunyar akwai abin da idona ya riƙe. Kuben nan na yi shi da matsi sosai, ga kaki, ga ruwa, amma da ya matse shi a hammata ko motsi bai yi ba. Yatsu ne suka mutu. Daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa, damtsen mai tuƙin jirgi ne tun yana yaro.

A hanyar dawowa na daka wa Labbo kafaɗa na ce, "Damtse!" Ya ce in bar dukansa yana tuƙi. Na ce kube za mu ɗaura a damtsen dama, hagu ta zare. Sai ya ce ai shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan.

Sai dai akwai Baffa. Dukawan garinmu sun daɗe da daina kuben damtse, kuma ba don ba su iya ba. Kube ne da ke shigewa ƙarƙashin hannun riga, kuma a zamanin nan wanda ke son wuƙar da ba a gani, ba gona za shi da ita ba. Manya sun haɗu sun ce a bari, Baffa yana cikinsu. Na same shi bayan la'asar yana jiƙa fata, na durƙusa na kwashe labari na gaya masa.

"Kuben damtse?" in ji shi. "Haliru, da bakina nic ce ba mu yi. Kana son a ce Cika ya lashe amansa?"

Na ce, "Baffa, mutumin ga in ba a yi mai ba, zaman tudu ka kashe shi."

Ya ci gaba da murza fatar har na fara jin ƙafafuna. Can ya ce, "Shina shiga ruwa da riga?"

"A'a, Baffa."

"To mi ka ɓoye kuben?" Ya share hannu. "Ka koma ka amso maganar Sarkin Ruwa da bakinai cewa shi ya tsaya mai. Ka yi shi da jar fata wadda makaho ma ka gani. Kuma shi zan abin cirewa. In ya fito tudu, kube shi koma jaka. Ni ka gaya ma sauran dattawa, ba kai ba."

Haka aka yi. Baffa da kansa ya zaga gidajen manyan dukawa ya yi musu bayani, ya dawo ya zaɓi ƙirgi mai kauri, wato jemammiyar fatar shanu, ya ce da shi za a yi abin ɗaura wa damtse. Ni kuma na koma ƙauyen. Sarkin Ruwa ya ce ya tsaya masa. Baba Arzika da farko ya ƙi fitowa, sai da na aika a ce masa ba kube na kawo ba, kallo na zo yi. Na roƙe shi ya nuna mini yadda yake jefa raga a nan kan yashi. Ya jefa, ya jawo, ya sake jefawa, ina zagaya shi ina duba inda raga ke gogar jikinsa da inda ba ta taɓawa. Bayan damtsen dama, ta waje, ba abin da ke zuwa wurin. Na auna damtsen da zaren kaba, a sake da kuma a ɗaure, don hannun mai aiki kumbura yake yi, sannan na sake karɓo wuƙar. Sahabi yana tsaye yana kallonmu, bai taimaka ba, bai kuma hana ba.

Aikin ya kasu biyu. Abin damtse zai zauna a jikinsa kamar kambu, mai faɗi, don kada ya ci nama. Kuben kuma zai maƙale a kai, ƙota tana kallon ƙasa wajen gwiwar hannu, inda hagu za ta same ta ko ido a rufe. Ke nan wuƙa a kife za ta zauna kullum, dole matsi ya riƙe ta, kuma dole ya sake ta in an ja. A nan na sha wuya. Na daina gwaji a bushe, na koma tsoma kube cikin randa ya kwana, in fito da shi in girgiza, in zare. Wanda ya riƙe ya ƙi saki, wanda ya saki ya ƙi riƙewa. Na ɓata fata har Baffa ya fara gyaran murya in na wuce. Daga ƙarshe na gane a baki kaɗai ake son matsin, cikin kuwa a sake, har da 'yar huda a ƙarshen kuben don ruwa ya fita.

Labbo ma ya ga ta kansa. Ƙarfen zarto tsatsa yake yi, ruwa zai cinye shi kafin damina ta zagayo. Ya zaga kasuwa bai sami abin da ya yi masa ba, sai ya shiga madafar gidansa ya ɗauke ludayin silba na matarsa ya yanke mariƙin. Ya lanƙwasa shi, ya yi masa ɗan haƙori a baki wanda ke cizon ƙasan ƙirgin, in an ja wuƙa sai ya ƙara kamawa, in an danna da babban yatsa sai ya saki. Ya goge gefunan har ba inda zare zai maƙale. Ya zo kasuwa yana ba da labarin hikimarsa, bai faɗi cewa a makon nan tuwonsa ba miya yake zuwa ba. Matarsa ce ta gaya wa tawa.

Ranar gwaji na biyu mutane sun fi na farko yawa. Na ɗaura masa abin damtse, ya danna kuben da kansa, ƙarfe ya ce ƙas. Jar fatar nan a kan baƙin damtsensa, daga tsallaken ruwa ma ana ganinta. Sarkin Ruwa ya zagaya shi, ya ja kuben, ya sa aka goga masa raga a kai, ba ta kama ba.

"Wanga karon ba tsaye za ka zare ba," in ji shi. "Yadda ruwa ka yi ma mutum, hakanan za mu yi maka."

Ya sa aka kawo tsohuwar raga da dutse, za a naɗe ƙafar tsoho a kai shi inda ruwa ya sha kansa, da igiya a ƙugunsa don a jawo shi in abu ya ƙi. Wani saurayi ya matso zai ɗaura, sai Sahabi ya ture shi. "Ni ka ɗaurawa. Ni ka riƙon igiya." Na ga yadda ya naɗe ƙafar uban nan, bai yi masa sassauci ko kaɗan ba.

Suka tura jirgi kaɗan. Baba Arzika ya yi bisimilla, ya ja numfashi, ya sulale. Ruwa ya rufe. Wurin ya yi tsit, har Labbo. Ni dai ban san tsawon lokacin ba, na san na karanta duk abin da ya zo bakina, ina tuna kowane ɗinki da na yi ina tambayar kaina ko na matse bakin da yawa. Sahabi ya fara tattara igiya, Sarkin Ruwa ya dafa masa hannu ya ce ya dakata.

Sai ga wuƙa ta huda ruwa, hannun hagu a ƙarƙashinta, sannan furfura. Ya yi tari, ya tofar da ruwa, ya kai wuƙar damtse ya mayar da ita kube ba tare da ya duba ba. Gaɓa ta ɗauki kabbara. Sahabi ya saki igiya ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza.

Sarkin Ruwa ya ce, "Arzika, gobe ka shiga."

Tsoho ya kama gefen jirgi da hagu, ya sa gwiwar hannun dama, ya hau. Muna tsaye a tudu ni da Labbo mun gyara tsayuwa muna jiran godiya. Ko waiwayowa bai yi ba. Ya zauna a goshin jirgi, ya dubi ɗansa ya ce, "Wace gobe? Share hawaye ka tuƙa muna."

Sarkin Ruwa ya yi kamar bai ji ba. Muka tsaya muna kallo har jirgin ya yi nisa. Labbo ya ce masunta ba su da tarbiyya, yana faɗa yana goge ido da hular kansa. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin aikin hannuna kamar na wannan safiyar ba, kuma har yau ban sake ji ba.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi nake so ku riƙe. Mu dukawa an koya mana auna wuƙa, kuma mun iya. Amma wuƙa ba ta zuwa kasuwa da ƙafarta, mutum ke kawo ta, da irin jikinsa da irin aikinsa da abin da ke cin ransa. Shi ya sa in an ajiye mini wuƙa ba na fara taɓa ta, sai na ce wa mai ita ya tashi ya nuna mini yadda yake aiki, da abin da yake sawa in yana yi. Kuma kada ku raina dokar manya, kada kuma ku ji tsoron durƙusawa ku tambaye su. Wanda ya san dalilin da ya sa aka kafa doka, shi ya san inda za ta iya lanƙwasa ba ta karye ba.

Baba Arzika ya ci gaba da kamun kifi shekaru masu dama bayan nan, Allah ya jiƙansa. Da ƙarfi ya ƙare ya bar ruwa, kamar yadda kowa ke bari. Amma ranar da ya bari, shi ya ce ya bari, ba wani ya ce masa ba.